Kafin Ka Danna Fomat

Duk shekara, da zarar an shiga zango na biyu aka fara maganar difens, akwai wata annoba da ke sauka a makarantar nan. Ekstanal take kamawa, wato had-dis ɗin nan na waje da muke jonawa da kebul. Faifan da ya shekara uku yana yawo a jakar goyo tare da caja da ƙullin garin kwaki bai taɓa ko tari ba, sai ya zaɓi satin da sufabaiza ya ce a kawo babi na huɗu, ya ce shi fa ya gaji. Ni kuwa da nake sashen kimiyyar kwamfuta, kuma 'yan hostel suka gano na yi IT ɗina a shagon gyaran kwamfuta, sai na zama ungozoma. Ba a nemana sai abu ya zo gadan-gadan, galibi kuma bayan sha biyun dare.

Duk wanda ya zo, kafin in karɓi faifan tambaya ɗaya nake masa: "Tun da ya fara wannan halin, me da me aka yi masa?" Amsar ce ke gaya min ko akwai fata ko babu. A iya abin da na gani, lalacewar farko ba kasafai take cinye firojek ba. Hannuwan da suka biyo baya su ne ke ƙarasa shi: abokin da ya ce kawo in gwada, mai shagon da ya ce fomatin kawai za a yi ya dawo garau, da shi kansa mai faifan da ya kwana yana zarewa yana jonawa. Garin neman gira ake rasa ido. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da nake ta maimaitawa a bakin ƙofa, ko na samu in riƙa yin barci.

Idan ka riƙe ekstanal yana cikin aiki za ka ji yana ɗan karkarwa a tafin hannunka. Faifai ne na gaske a ciki, mai sheƙi kamar madubi, yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya a yawancin ƙananan da muke saye. A samansa akwai wani ɗan hannu mai kai kamar tsinin allura, shi ke rubutu shi ke karatu ta hanyar maganaɗisu. Ba ya taɓa faifan, shawagi yake yi a kan iska, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Tun 1956 da kamfanin IBM ya fito da na farko, mai faifai 50 kowanne faɗinsa inci 24, wanda duk girman nan nasa haruffa miliyan 5 kawai yake ɗauka, asalin dabarar tana nan yadda take. An dai yi ta matse ta ne har ta shiga aljihu. To ka auna wanda ke barin irin wannan abu yana lilo a jikin kebul daga saman gado mai hawa biyu, shi kuwa yana kwance yana kallon fim.

Yadda faifan ke sanin inda ya ajiye kayanka kuwa, ɗauki hostel ɗinmu. Akwai ɗakuna, akwai kuma rajistar da ke wurin fota, wadda ta ce wane yana ɗaki kaza, gado kaza. Fayilolinka su ne mutanen da ke ɗakuna. Idan ka goge fayil, kwamfuta ba ta zuwa ɗakin ta kori kowa. Layi kawai take ja a kan sunan, ta rubuta cewa gadon nan ba kowa. Fomat mai sauri, wanda Windows kan sa wa alama tun kafin ka taɓa komai, ya ɗan ɗara haka: sabuwar rajista fil yake buɗewa wadda ta ce duk ginin fayau yake. Shi ya sa yake gamawa cikin daƙiƙu ko da faifan na terabait ɗaya ne. Ka taɓa tambayar kanka yadda za a share gigabait 900 kafin ka gama kurɓar shayi? Ai ba a share ba. Mutanen suna nan a ɗakunansu, sai ranar da aka turo sabon ɗalibi aka ba shi gadon. Ranar ce tsohon ya tafi, kuma daga nan babu manhajar da za ta dawo da shi, ko ta nawa ce.

Akwai fomat na biyu, wanda ake samu idan ka cire alamar nan ta sauri. Tun daga Windows Vista, wannan yana bin faifan tun daga farko har ƙarshe yana rubuta sifiri a ko'ina. Yakan ci awanni, kuma shi kam in ya gama, ya gama. Ka riƙe shi a rai, za mu dawo kansa.

Bara an kawo min faifai biyu a sati guda, da ciwo iri ɗaya. Na farko na wata 'yar ND II ce a sashen SLT. Tana kwafar aiki a wani shagon buga takardu na bakin get aka ɗauke wuta, kwamfutar tebur ce kuma babu batir. Da ta koma ta jona a laftof, sai Windows ya fito da saƙon nan da kowa ya sani, wai sai an yi wa faifan fomat kafin a iya amfani da shi. A ciki akwai sakamakon gwajin wata uku da hotunan duk abin da ta shuka a lab, abin da ba ya maimaituwa kafin difens. Ta same ni a gaban laburare ita da ƙawarta, idonta ya yi ja. "Yaya, ni dai da na ga ya ce fomat gabana ya faɗi, na zare shi na sa a jaka. Ban sake taɓawa ba." Na ce mata, "Ƙanwata, wannan faɗuwar gaban ita ce ta cece ki."

Da na duba, kwamfuta na nuna faifan a matsayin RAW, ma'ana ta ga ginin amma ta kasa karanta rajistar. Shafin farko na rajistar ne ya lalace lokacin da wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu. Tsarin NTFS, wanda faifanta ke kai, yana ajiye kwafin wannan shafi a can ƙarshen faifai. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna TestDisk, wadda wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya rubuta. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, baƙin allo ne da farin rubutu, amma ta san inda kwafin yake. Da ita na fara kwashe foldojinta zuwa wani faifan daban, kowace da sunanta, sannan na mayar da shafin. Kafin la'asar ta tafi da kayanta cif.

Na biyu na wani ɗan ajin ƙarshe ne a sashen zanen gine-gine. Saƙo iri ɗaya ya gani. Abokin ɗakinsa ya ce ai abu mai sauƙi ne, ya danna fomat, faifai ya buɗe fes. Da suka ga ya "warke", sai suka ce tunda zane-zanen sun riga sun tafi, bari a ci moriyar fili: aka loda fina-finai masu dogon zango, na Koriya da na Indiya, har ya kusa cika. Bayan kwana uku wani ya gaya masa ana iya dawo da abin da aka goge, ya sauko da wata manhajar sata daga intanet, ya kuma girka ta a kan faifan da yake son ceta. Sannan ya zo wurina. "Mutumina, an ce kai kana rikoba. Ka taimaka, sufabaiza zai kashe ni."

Na kunna masa PhotoRec, ƙanwar TestDisk, tare suke zuwa. Ita ba ruwanta da rajista. Ɗaki-ɗaki take bi tana leƙawa, tana gane fayil ta kamanninsa, don kowane irin fayil yana da alamar da yake farawa da ita: hoto da tasa, takardar Word da tata, zanen AutoCAD da tasa. Matsalar ita ce sunaye a rajista suke, saboda haka abin da take fito maka da shi tarin fayiloli ne masu lambobi, ba suna ba folda, sai ka bi ɗaya bayan ɗaya kana buɗewa. Ta kwana tana aiki. Da safe muka sami fina-finan nan lafiya lau, da wasu tsofaffin zane guda biyu na zangon farko, da wasu da suka ƙi buɗewa saboda rabinsu ya riga ya zama fim ɗin Koriya. Sati biyu ya yi yana sake zane daga hotunan da ya taɓa tura wa sufabaiza ta WhatsApp. Wallahi da ranar da aka yi fomatin ya kawo shi bai ɗora komai ba, da ina da kyakkyawan zaton mafi yawa sun dawo.

Ga yadda nake bi in an kawo min, kuma yawancinsa kai ma za ka iya. Farko dai a daina rubuta komai a kai, ko da ɗan fayil ɗaya ne. Sai in canza kebul. Kar ka raina wannan: kebul ɗin ekstanal, musamman mai faffaɗan bakin nan, yana saurin sakwarkwacewa, kuma na sha ganin faifan da aka gama yi wa ta'aziyya ya farfaɗo da kebul ɗin aro. Sai in canza kafar da ake jonawa. Tsohuwar kafar USB 2.0 miliamfiya 500 take bayarwa, ta 3.0 kuwa, mai shuɗin harshe, 900. Faifan da wuta ba ta ishe shi ba zai yi ta ƙyafta fitila yana ɗan kuka ba tare da ya tashi ba, musamman in an jona shi ta kafar gaban kwamfutar tebur ko ta ɗan akwatin nan mai raba kafa huɗu. Idan gogewa aka yi da kuskure, ina leƙa kwandon shara na Windows faifan yana jone, don sau da yawa abin da aka goge daga ekstanal can yake zuwa ya zauna, saɓanin filash.

Sai kuma bairos ɗin nan na shagunan buga takardu, wanda ke mayar da duk foldojinka shotkot masu ɗan kibiya. Wannan ya sa mutane da yawa yin fomat a banza. Duba girman abin da ke faifan: in har yana nuna gigabait 300 a cike alhali ba ka ganin komai, kayanka suna nan, ɓoye su aka yi. Kar ka buɗe shotkot ɗin, don buɗewar ce ke tayar da bairos ɗin. Ka wanke faifan da manhajar kashe bairos tukuna, sannan ka buɗe baƙin allon umarni na cmd ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* amma ka sa harafin naka faifan a madadin E. Minti kaɗan foldojin za su bayyana. Na san wuraren da ake karɓar kuɗi mai kauri a kan wannan layi ɗaya.

In duk wannan bai yi ba, sai in kasa kunne. Faifai mai lafiya shuuu yake yi a hankali. In yana da rai amma yana jan ƙafa, kwafi na tafiya yana tsayawa, ina duba shi da CrystalDiskInfo, wata manhajar kyauta da ke karanta rahoton lafiyar da faifan kansa yake ajiyewa. Shuɗi lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuwa sai addu'a. Faifan da ya nuna rawaya ba na wahalar da shi da bincike. Ina tayar da Linux in yi amfani da ddrescue in kwafe shi ɗungurungum zuwa wani faifan, don ita tana fara kwashe wurare masu kyau ne, ta bar masu ciwo sai daga baya. Daga nan duk wani tone-tone a kan kwafin ake yi. Kuma komai aka ceto, a wani faifan ake zuba shi. Wanda ya zuba abin da ya ceto a kan faifan da yake ceto daga ciki, yana korar na ɗaki na goma ne don ya kwantar da na ɗaki na ɗaya.

Wata 'yar magana a gefe game da chkdsk, tunda kowane bidiyo a YouTube shi yake fara cewa a yi. Aikinsa ya daidaita rajista ta yi kyau, ko da hakan na nufin ya yanke abin da bai gane ba ya tara a wata folda da sunaye marasa ma'ana. A faifan da ka riga ka kwashe kayanka, bismillah. A faifan da firojek ɗinka kaɗai ke ciki, kuma yana ciwo, gyaran gangar Abzinawa ne.

Akwai kuma inda nake ɗaga hannu. Idan faifai ya faɗi, ka jona ka ji ƙas, ƙas, ƙas, ya yi shiru, ya sake, to ɗan hannun nan ne ya samu matsala, kuma duk jonawar da ka ƙara yana iya kartar fuskar faifan, wurin da bayanan suke. Manhaja ba ta gyara ƙarfe. Za ka ji masu cewa a sa shi a firiza ya kwana. Kar ka yarda, raɓa ce za ta taru a ciki. Za ka ga masu kwance shi da sukundireba a kan benci a kasuwar waya, ga ƙurar hunturu tana tashi, alhali ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar da ke tsakanin kan da faifan girma nesa ba kusa ba. Masu wannan aiki na gaskiya a ɗaki na musamman mai tace iska suke buɗewa, su sa kayan wani faifan irinsa sak, kuma kuɗinsu yakan ninka kuɗin sabon ekstanal. In abin da ke ciki ya kai, ka adana faifan a busasshen wuri har ka samu hali. Bayanan ba sa ruɓewa don ya zauna wata shida a akwati.

Masu SSD na waje kuma, waɗanda babu abin da ke juyawa a cikinsu, kun huta da tsoron faɗuwa, amma kar ku dogara da labarin rajistar nan. Da yawansu suna da tsarin da ke share ɗakin da kansa jim kaɗan bayan an ja layi a kan suna. Abin da aka goge a can sau da yawa ya tafi ke nan.

To yaushe fomat ke da amfani? Ranar da ka sayi faifai, kafin ka ɗora komai. A nan ne za ka zaɓi irin rajistar. FAT32 tsoho ne, kusan kowace na'ura na karanta shi, har talabijin da rediyon mota, amma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4. Shi ya sa 'yan sashen aikin jarida ke zuwa suna cewa faifai ya ce ba wuri alhali rabinsa fayau yake: bidiyon ne ya fi ƙarfin rajistar. NTFS na Windows ne tun 1993, kuma ya fi jure yankewar wuta saboda yana rubuta abin da zai yi kafin ya yi, sai dai kwamfutar Mac karanta shi kawai take yi, ba ta rubutu a kai sai da ƙarin manhaja. exFAT, wanda Microsoft ya fitar a 2006, yana aiki a Windows da Mac duka, ba shi da iyakar gigabait 4 ɗin nan, amma shi ne ya fi saurin rikicewa in aka fizge shi yana aiki. Ni ra'ayina, a ƙasar da wuta ke tafiya ba sallama, in dai duk harkarka a Windows take, ka zauna a NTFS. In kuma wani mai Mac ya yi maka fomat da tsarin Apple, Windows ɗinka ba zai gane shi ba, zai iya ma ce maka a yi fomat, alhali lafiyarsa ƙalau.

Kar kuma ka koma ka yi faɗa da mai shago don ka sayi terabait ɗaya kwamfuta ta nuna 931. Masu ƙerawa da dubu-dubu suke lissafi, Windows kuwa da 1,024, bambancin ke nan. Cutar gaske tana wani wurin: akwatin ekstanal mai kyan gani da araha ta ban mamaki, a ciki ɗan filash ne aka manna da ƙarfe don ya yi nauyi, an shirya shi ya riƙa ƙaryar girma. Zai karɓi duk abin da ka ba shi, ya nuna sunaye, ranar da ka zo buɗewa ka tarar da iska. Araha ba ta ado. Manhajar H2testw tana cika faifai da bayanai ta sake karantawa, ta faɗa maka girmansa na gaskiya. Ka yi wannan gwaji a ranar farko, tun rasit bai ɓata ba. In na hannu ne, CrystalDiskInfo zai nuna maka awa nawa ya yi yana aiki a rayuwarsa, ko da mai shago ya rantse jiya aka buɗe kwalinsa.

Yanzu ga ɗaya fuskar maganar, wadda ta fi damuna fiye da firojek. Duk abin da na faɗa na cewa fomat mai sauri ba ya share komai, ai bai san mai faifai ba. Yadda ya ceci 'yar SLT, haka zai yi wa duk wanda faifanka ya faɗa hannunsa aiki. A 2003 wasu ɗalibai biyu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka wallafa abin da suka samu bayan sun sayi tsofaffin had-dis 158 a kasuwar 'yan gwanjo. Guda 129 suna aiki, kuma 12 kacal aka share yadda ya kamata. A sauran sun tono dubban lambobin katin banki, da bayanan asibiti, da wasiƙun mutane. Da yawa daga masu faifan nan sun yi fomat, sun sayar hankalinsu kwance.

Mu nan fa? Ƙarshen zango ya zo, aljihu ya bushe, mutum ya yi fomat na daƙiƙa goma ya sayar da ekstanal a hostel. A ciki akwai hoton takardar NIN, da sakamakon jarrabawa, da takardun banki, da hotunan gida na iyaye mata da ƙanne, irin waɗanda ba a ɗauka don idon bare ba. Na taɓa ceto wa wani aikinsa daga faifan da ya saya na hannu, sai ga hotunan bikin wasu mutane da bai taɓa gani ba sun fito tare da nasa, har da na cikin ɗaki na amarya da ƙawayenta. A gabansa na share su. Amma na daɗe ina tunanin da a wani hannun suka faɗa. 'Yan'uwa mata musamman, don Allah ku ji wannan: "ai na goge" ba kariya ba ce. Kafin ki sayar, ko ki bayar kyauta, ko ki ba da aro na dogon lokaci, ki kwashe kayanki ki yi fomat mai tsawon nan, ki cire alamar sauri, ki bar shi ya kwana yana rubuta sifiri. In faifan ya mutu ba ya fomatuwa, kar a jefa shi bola yadda yake, a kwance shi a farfasa abin da ke ciki.

Haka in za a kai gyara. Wanda zai ceto fayilolinka dole ya gan su, babu yadda za a yi. Ni ƙa'idata mai faifai ya zauna kusa da ni, shi zai riƙa buɗewa yana cewa wannan ne, wannan ba shi ba ne, kuma kwafin da ya rage a wurina a gabansa nake sharewa. In mace ce, a laburare ko lab muke haɗuwa, ta zo da ƙawarta. Duk mai gyaran da ya ce ka bari ka dawo jibi, kuma ya ƙi ka tsaya, ka tambayi kanka me ke cikin faifan kafin ka juya baya. Masu Windows Pro suna iya kulle ekstanal da BitLocker, kariya ce mai ƙarfi, amma ka rubuta dogon mabuɗin nan mai lamba 48 ka adana a wani wuri. In ka manta kalmar sirri kuma babu shi, ni da TestDisk duk 'yan kallo ne.

Akwai kalmar da nake so mu daina yi wa ƙarya, wato bakof. Mutum zai kwashe komai daga laftof ya zuba a ekstanal, ya share na laftof don ya samu wuri, ya ce ya yi bakof. Ƙaura ka yi, ɗan'uwa. Abin da ke wuri ɗaya tak ba shi da bakof, ko a ina wurin yake. Kamfanin Pixar ma ya ɗanɗana: a 1998, ana tsakiyar aikin fim ɗin Toy Story 2, wani umarnin gogewa ya share mafi yawan fayilolin fim ɗin, aka je ga bakof aka tarar ya daɗe ba ya aiki daidai. Abin da ya cece su wata ma'aikaciyarsu ce, Galyn Susman, da ke aiki daga gida saboda jego, tana da kwafi a kwamfutarta. Masu harkar suna cewa kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. A aljihun ɗalibi wannan na nufin laftof, da ekstanal, da intanet. Firojek ɗinka gaba ɗaya, in ba bidiyo ko manyan zane ba ne, da wuya ya wuce megabait ɗari, Google kuma na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta. Ni duk daren da na taɓa babi, ina tura wa kaina shi ta imel da kwanan wata a jikin sunan. Datar da yake ci ba ta kai ta kallon sitatus biyu ba. Kuma laftof da ekstanal da ke kwana a jaka ɗaya, ɓarawo ɗaya ne ke ɗaukarsu.

Abin da ya fi tsayar min da aiki a wannan harka shi ne wurin zubawa. Ɗalibi zai zo da faifan terabait ɗaya yana ciwo, ana bukatar wani faifan da ya kai shi girma a kwafe shi, ni kuwa nawa a cike yake da kayana. Sau biyu ina ganin faifai ya ƙarasa mutuwa ana yawon neman aron inda za a zuba. Shi ya sa nake roƙon shugabannin ƙungiyarmu, musamman daraktan walwala, a sayi faifai ɗaya mai terabait biyu da kebul biyu na ƙari a ajiye a sakatariya, a riƙa bayarwa da katin makaranta na kwana biyu, a kuma yi masa fomat mai tsawo duk lokacin da aka dawo da shi. 'Yan sashenmu za mu iya tsara masu zama da yamma daga satin da aka fitar da jadawalin difens. Na yi magana da mutum huɗu a ajinmu, uku sun amince, na huɗun ya ce sai ya ga ko za a riƙa ba da shayi.